Haɗa shot ɗin wuski a bukukuwan ƙarshen shekara: tambayoyin da sababbin ma'aikata suka fi yi

Daga tsakiyar Nuwamba otel-otel da ɗakunan taro na Glasgow da Edinburgh suke fara ɗibar ma'aikatan wucin gadi, domin liyafar Kirsimeti ta kamfanoni da ta daren sabuwar shekara. A cikin waɗanda ake ɗauka akwai 'yan gida Najeriya da yawa, galibi ɗalibai, waɗanda ba su taɓa riƙe kwalbar wuski ba sai ranar da aka tsayar da su a bayan kanta. Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ake yi mini duk Disamba. Ga su nan na tattara, da amsoshin da na saba bayarwa.

Mene ne shot?

Kurɓi ɗaya ne na barasa mai ƙarfi, a ɗan ƙaramin kofin gilashi da bai fi finjali ba, ana shanye shi a tashi ɗaya. Wani lokaci wuski ne zalla, wani lokaci an haɗa shi da abu mai zaƙi ko tsami an sanyaya. A liyafa yakan fito ne a kan tire, mutum goma ko ashirin su ɗaga tare su kurɓe. Wannan haɗiyewa a tashi ɗaya ita ce ta raba shi da sauran abin sha, kuma daga ita duk matsalolinsa suke tasowa. Mai shan kofin giya yakan yi rabin awa a kai, mai shot kuwa daƙiƙa uku ta ishe shi, ga hannunsa ya sake miƙowa.

Ni Musulmi ne kuma an sa ni a wurin zuba barasa. Yaya zan yi?

Hukuncin a bayyane yake, ba sai ni da nake Kirista na karanta maka ba. Shan barasa haramun ne a Musulunci, kuma hadisi ya haɗa da mai sayarwa da mai ɗauka da mai shayarwa. Mu ma majami'u da dama da muka taso a cikinsu a arewa ba su yarda da sha ba. Shawarata ta aiki ita ce ka faɗa wa wanda ya ɗauke ka tun ranar farko, kada ka bari sai an raba wuraren aiki ana saura minti goma baƙi su shigo. A babban taro akwai kicin, akwai shirya tebura, akwai wurin ajiye riguna, akwai shayi da kofi. Shugabannin aiki da yawa sukan canza wa mutum wuri in sun ji da wuri.

Ga mai karanta wannan a gida kuma, ya san inda yake zaune. Tun da Zamfara ta fara aiki da shari'a a shekarar 2000 wasu jihohin arewa suka biyo baya, dokar barasa a can daban take, kuma Hisbah a Kano ta sha fasa kwalabe a bainar jama'a. Abin da ke wannan shafi na wuraren da doka ta ba da lasisi ne.

Me ake nufi da gaurayayyen wuski?

Wanda ya taɓa ganin ana shirya burukutu ya san tsiro, wato hatsin da aka jiƙa ya fara tsirowa sannan aka shanya. A Scotland da tsiron sha'ir ake yin wuskin da suke kira malt, a dafa ruwan a tukunyar jan ƙarfe a kama tururinsa, tukunya bayan tukunya. Idan duka daga masana'anta ɗaya ya fito, shi ne single malt. Akwai kuma wuskin hatsi, na alkama ko masara, wanda ake tacewa a doguwar na'ura mai aiki ba tsayawa. Wannan ya fi sauƙin ɗanɗano, ya fi araha, ya fi yawa. Gaurayayyen wuski shi ne a haɗa biyun, sau da yawa daga masana'antu masu yawa, har a sami ɗanɗanon da ba ya canzawa daga shekara zuwa shekara. Johnnie Walker, Famous Grouse, Dewar's, Chivas Regal, Ballantine's, Bell's, duk wannan aji ne, kuma su ne mafi yawan wuskin Scotland da ake sayarwa a duniya.

Dokar 2009 ta ce kafin a kira abu wuskin Scotland sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a cikin ƙasar, kuma ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40 cikin 100. In ka ga an rubuta 12 a kwalba, kamar Black Label, shekarun mafi ƙanƙanta ne a cikin haɗin, ba na mafi tsufa ba. Baƙi sukan yi wannan tambaya, yana da kyau ka san amsar.

Wa ya fara gauraya shi?

'Yan tireda ne, masu shagon shayi da kayan ƙamshi. John Walker ya buɗe shagonsa a Kilmarnock a 1820, 'yan gidan Chivas kuma a Aberdeen suke da nasu. Wuskin wancan zamani ba shi da tabbas, gangar yau daban, ta gobe daban, sai masu shago suka fara haɗawa yadda suke haɗa ganyen shayi. Aeneas Coffey, ɗan Ireland, ya yi rajistar na'urarsa mai aiki ba tsayawa a 1830, wuskin hatsi ya yi yawa. Dokar 1860 ta ba da damar a haɗa malt da na hatsi a rumbun ajiya kafin a biya haraji, kuma Andrew Usher na Edinburgh yana cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. Daga baya wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa, birandi ya yi wuya a Landan, masu kuɗi suka koma wa wuski. Masu malt sun yi ta ƙorafin cewa na hatsi ba wuski ba ne, har sai da hukumar bincike ta masarauta ta yanke a 1909 cewa shi ma wuski ne.

Na Scotland da na Ireland da na Kanada da na Amurka duk ɗaya ne?

A'a, kuma bambancin yana fitowa a cikin shot. Na Ireland, irin Jameson da Tullamore D.E.W., yawanci sau uku ake tace shi, ba shi da hayaƙi, yana karɓar kayan marmari da tsami ba gardama. Na Kanada, irin Crown Royal da aka fara yi a 1939 domin ziyarar Sarki George na shida, yana da laushi da ɗan zaƙi, ya dace da tuffa da kirfa. Na Scotland wani yana da ɗan ƙamshin hayaƙi saboda baƙar ƙasar da ake ƙonawa wajen busar da tsiro, kuma hayaƙin nan yana jituwa da zuma da citta amma yana faɗa da kayan zaƙi masu ƙamshin alewa.

Na Amurka ne yake buƙatar lura. A dokarsu kwalbar da aka rubuta mata gaurayayye tana iya zama kashi 20 kacal wuski na ainihi, sauran kuma barasa fara marar ɗanɗano. Seagram's 7 ne aka fi sani a wannan layi. Ba jabu ba ne, haka dokar take, amma in ka sa shi a haɗin da aka tsara da na Scotland za ka ji ɗanɗanon ya ɓace. Har rubutun sunan ya bambanta, domin a Turanci 'yan Ireland da Amurka sukan ƙara harafin e kafin na ƙarshe su rubuta whiskey, 'yan Scotland da Kanada kuwa whisky suke rubutawa.

Ba gara in yi amfani da mai tsada ba tunda biki ne?

Asarar kuɗi ce. Single malt mai shekara 18 an yi shi ne domin a zauna a shinshina a kurɓa kaɗan-kaɗan, in ka zuba masa sukari da lemon tsami ka sanyaya shi aka haɗiye a tashi ɗaya, babu wanda zai gane bambanci. Gaurayayye na matsakaicin farashi shi ne daidai, kuma rashin canzawarsa yana nufin tiren farko da na ƙarshe za su zo iri ɗaya. In mai biki ya nace sai an ga babbar kwalba, a ajiye ta gefe ga masu son sha zalla.

Awo nawa ake zubawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. A Birtaniya doka ta ce awo ɗaya na wuski ml 25 ne ko ml 35, kuma kowane wuri zai zaɓi ɗaya ya liƙa sanarwa. A Ireland ml 35.5 ne. A Amurka abin da aka saba kusan ml 44 ne. Saboda haka in ka ɗauko tsarin haɗi daga intanet ka ga an ce shot ɗaya, fara tambayar kanka ɗan wace ƙasa ne ya rubuta, domin na Amurka ya kusa ninka na Glasgow.

Lissafin ba shi da wuya. Ml 25 na wuski mai kashi 40 yana ɗauke da ml 10 na barasa zalla, kuma shi ake kira yunit ɗaya a Birtaniya. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba da shawarar kada mutum ya wuce yunit 14 a mako guda, jiki kuma yana ƙona kimanin yunit ɗaya ne a awa. Kwalbar ml 700 tana ba da awo 28 na ml 25, ko 20 na ml 35. Kwalbar Amurka ml 750 ce, awo 17 nasu.

Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A bayan kanta rabin farko na karin maganar kawai nake yarda da shi. Na ga ƙwararru suna zubawa da ido, na kuma ga yadda hannunsu yake ƙara nauyi bayan ƙarfe goma sha ɗaya idan layi ya yi tsawo. Ka yi amfani da ma'auni kowane zubi, ko da mutum talatin suna kallonka. Dokar awon ba ta shafi haɗin da ya kai ruwa iri uku ba, amma hantar mai sha ba ta san da wannan sassauci ba.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Ma'auni mai baki biyu da ake kira jiga, gwangwanin girgizawa, mataci, dogon cokali, abin matse lemo, da ƙanƙara mai yawa fiye da yadda kake zato. Kofunan su zama na ml 50 ko 60 in haɗi za ka yi, domin na ml 25 ba zai ɗauka ba. In akwai wuri a firji, sa kofunan su yi sanyi kafin lokaci.

Waɗanne haɗe-haɗe aka fi nema a Disamba?

Wanda matasa suka fi kira shi ne Green Tea, ko da yake babu ganyen shayi a ciki, launinsa ne kawai. Jameson ml 15, peach schnapps, wato barasa mai zaƙi mai ƙamshin ɗan itacen peach, ml 15, ruwan lemon tsami da aka daidaita da sukari ml 15, a girgiza da ƙanƙara, a tace, a ɗiga Sprite ko 7Up a kai. Yana kusa da yunit ɗaya amma a baki kamar lemon kwalba yake, zuma ce ga zaƙi ga harbi. Washington Apple kuma Crown Royal ne da schnapps na tuffa mai tsami da ruwan kiranberi, wani jan ɗan itace mai tsami, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ja ne wur, shi ya sa ake son sa a teburin Kirsimeti. Dattawan Scotland sun fi neman Whisky Mac, gaurayayyen wuski da giyar citta irin ta Stone's ko Crabbie's, ba girgizawa, ba ƙanƙara ma sau da yawa.

Akwai kuma Three Wise Men, wanda aka sa wa sunan masanan nan da suka kai wa jariri Yesu kyaututtuka, saboda sunayen maza uku da ke kan kwalaben: Johnnie Walker, Jim Beam da Jack Daniel's. Na farkon ne kaɗai gaurayayye. Ba na son wannan haɗi, kuma ba don sunan kawai ba. Babu abin da ɗaya yake ƙara wa ɗaya, wuski ne a kan wuski a kan wuski, kuma ml 15 sau uku ya kusa yunit 2 a kurɓi guda. In an nema za ka yi, amma ka ƙirga shi a matsayin biyu idan kana lissafin da na yi bayani a amsar hana mutum ƙari.

Akwai wanda zan iya haɗawa da kayan da na riga na sani?

Akwai, kuma shi nake koya wa kowa da farko: wuski, zuma, citta da lemon tsami. Samo ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa biyu, a fere a yayyanka, a zuba a tukunya da kofi ɗaya na ruwa da kofi ɗaya na zuma, a bari ya yi ɗan tafasa a kan ƙaramar wuta kamar minti 10, a sauke ya huce, a tace. Dole a narka zumar haka, domin in ka zuba ta kai tsaye a kan ƙanƙara daskarewa za ta yi ta manne a gindin gwangwani.

Ga shot ɗaya: wuskin Scotland ml 25, ruwan lemon tsami sabon matsa ml 10, ruwan zuma da citta ml 10. A girgiza, a tace. Ƙanen wani haɗi ne mai suna Penicillin da Sam Ross ya ƙirƙira a New York a 2005, wanda shi kuma jikan ruwan zafi da zuma da wuski ne da tsofaffin Scotland suke sha lokacin mura. Sunan kada ya ruɗe ka, ba magani ba ne. In kana son ƙamshin Kirsimeti, jefa sandar kirfa ɗaya da kanumfari uku ko huɗu a tukunyar. Kanumfari yana da mulki, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji.

Girgizawa ake yi ko juyawa?

In akwai ruwan lemo ko madara, a girgiza da ƙarfi kamar daƙiƙa 10 zuwa 12, har gwangwanin ya yi raɓa a waje. In barasa ce da barasa kawai, kamar wuski da Drambuie ko da amaretto, juyawa da cokali a kan ƙanƙara ta isa. Abin da sababbi ba sa lura da shi shi ne ƙanƙarar tana narkewa ta ƙara ruwa, kimanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na haɗin, kuma ruwan nan yana cikin tsarin, shi yake kwantar da zafin barasar. Abu mai gas kuma ba ya shiga gwangwani. Na taɓa mantawa na rufe Sprite na girgiza, murfin ya yi sama, rigata da ta baƙon da ke gabana suka sha.

Baƙi 50 ne. Zan iya haɗawa tun da rana?

Za ka iya, kuma ya fi. Ɗauki haɗin zuma da citta na sama: kwalbar wuski ɗaya ml 700, ruwan lemon tsami ml 280, ruwan zuma da citta ml 280, sai ruwa mai sanyi ml 280 a madadin wanda ƙanƙara za ta bayar, kamar yadda na yi bayani a amsar girgizawa. Jimla ml 1,540, wato shot 28 na ml 55, kowanne yunit ɗaya cif. Kwalba biyu sun ishi mutum 50 zagaye ɗaya har da ragowa. Alherin wannan hanya shi ne awon ya riga ya zauna tun kana cikin natsuwa, ba sai ana ihu a kanka ba.

A firji za ka sa shi, ba a firiza ba. Wuski zalla ba ya daskarewa a firizar gida, amma wannan haɗin ya sauko zuwa kimanin kashi 18, zai koma ƙanƙara. Lemon tsami a matse shi a ranar, domin in ya kwana ɗaci yake yi. Girgiza jarkar kafin kowane zubi, ka rubuta a jikinta abin da ke ciki da lokacin da aka haɗa. Kada ka jera kofuna cike a kan tebur ka tafi. Sanyinsu zai gudu, ba ka san wanda ya ɗauki huɗu ba, kuma kofi a buɗe ba mai gadi hanya ce ga mugun da ke son jefa wa wani ƙwaya.

Yaya ake yin mai hawa-hawa, kuma me ya sa nawa ya tsinke kamar kindirmo?

Nauyi ne sirrin. Abin da ya fi sukari ya fi nauyi, shi ke zama a ƙasa, barasa mai ƙarfi marar sukari kuma ita ke hawa sama. Saboda haka Kahlúa, barasa mai zaƙi da ɗanɗanon gahawa, a gindi, Baileys mai kirim a tsakiya, wuski a kai. Kifa ƙaramin cokali a cikin kofin, bakinsa ya taɓa gilashi, ka zuba a hankali a bayansa. Wannan ba ya haɗuwa tun da rana, kuma ba na ba da shawararsa in baƙi sun wuce ashirin, domin zai cinye maka dare.

Tsinkewa kuwa daga madara ce. Baileys kirim ne da wuskin Ireland, ƙarfinsa kashi 17, kuma duk abin da ke da tsami yana tsinka shi nan take, ko lemon tsami ne ko kiranberi ko tonik. Ko ragowar lemo a jiga ta isa. Ware ma'auni ɗaya domin kayan madara kawai. Ka kuma tambayi baƙo ko jikinsa ba ya karɓar madara ko 'ya'yan itace masu ɓawo, domin Frangelico, barasa mai zaƙi da ɗanɗanon irin waɗannan 'ya'yan itace, da irinsa suna cikin layin da ake tambaya a kai.

Me ya sa wuski ya fi fitowa a daren sabuwar shekara fiye da Kirsimeti a Scotland?

Tarihi ne. Bayan sauyin addini na Furotesta majalisar Scotland ta soke hutun Kirsimeti a 1640, kuma ranar ba ta zama hutun ƙasa ba sai 1958. Duk shagalin sai ya koma daren 31 ga Disamba, wanda suke kira Hogmanay, har yau kuma 2 ga Janairu ma hutu ne a can. A al'adarsu wanda ya fara taka ƙofar gida bayan ƙarfe 12 shi ke kawo sa'ar shekara, an fi son dogo mai baƙin gashi, yana riƙe da gawayin kwal da biskit ɗin man shanu da kwalbar wuski. Abokan aikina sun sha yi mini barkwanci cewa ni ne na fi cika sharaɗin.

A wannan dare wani zai iya neman Atholl Brose. Ana jiƙa garin oat a ruwa, a tace ta kyalle kamar yadda ake tace gasara, a haɗa farin ruwan da zuma da wuski, wasu su ƙara kirim. A ƙananan kofuna ake ba da shi da sanyi, kuma gaurayayyen wuski ne daidai da shi.

Me zan ba waɗanda ba sa sha?

Ba su nasu kofin a zagaye ɗaya da kowa, kada a bar su riƙe da ruwa ana kallonsu. Haɗin zuma da citta da lemon tsami yana tsayawa da ƙafarsa ba wuski, in ka cike gurbin da ruwan tuffa ko baƙin shayi mai ƙarfi da ya huce. Zoɓo mai kauri da citta da kanumfari ya fi kiranberi kyau a ido, kuma duk lokacin da na kawo shi Turawa ne suke fara ƙarar da shi. Tirensu daban, jarkarsu daban, ma'auninsu daban, kofin ma in da hali ya bambanta a siffa.

Ka kula da barasar da ke ɓoye. Chapman na gida ana ɗiga masa Angostura, wadda ƙarfinta kashi 44.7 ne, ɗigo kaɗan ne amma mai gudun barasa saboda addini ko jinya yana da haƙƙin ya sani. Haka kayan zaƙin Kirsimeti na Birtaniya, sau da yawa akwai birandi ko sherry a ciki, kuma dafawa ba ta korar ta duka. In an tambaye ka ba ka da tabbas, je kicin ka tambayo.

Yaya zan gane kwalbar jabu?

A Birtaniya wurin aikinka ne ke sayowa daga dillali mai rajista, matsalar ba ta cika tasowa ba. A Legas ko Abuja ko Jos kuwa, Disamba kakar masu cika tsofaffin kwalabe ce. Duba zoben murfi ko an taɓa karya shi, duba ko rubutun takardar ya karkace ko ya dushe, jera kwalabe biyu ka ga ko tsayin ruwan da launinsa sun zo ɗaya, nemi lambar NAFDAC. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa shi ne babbar alama, araha ba ta ado. Haɗarin shi ne methanol, guba mai makantarwa da kisa, wadda ta hallaka mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015 ta hanyar ogogoro. Alamunta sukan jinkirta awa 12 zuwa 24: ciwon kai, amai, ciwon ciki, gani dishi-dishi. Wannan asibiti ne kai tsaye. Kuma haɗi mai zaƙi yana rufe ɗanɗanon da zai iya tona asirin kwalbar. In kwalba ta ƙare, ɓata takardarta kafin ka jefar.

Yaushe zan hana mutum ƙari?

Kafin ya nuna alama, in za ka iya. Barasar da aka haɗiye yanzu tana ɗaukar rabin awa ko fiye kafin ta gama hawa, saboda haka wanda ya kurɓi uku a jere yana tsaye garau bai gama karɓar saƙon ba tukuna. Ni dokata a liyafa ita ce zagaye ɗaya bayan an ci abinci, na biyu in an jima sosai, da ruwa a kowane tebur. Sayar wa wanda ya riga ya bugu laifi ne a dokar Ingila da ta Scotland, kuma kai mai zubawa kana cikin wanda za a kama. Wanda fuskarsa ba ta kai 25 ba a nemi katin shaida, domin shekarun sha 18 ne. In za ka hana, yi magana a hankali ba a gaban abokansa ba, miƙa masa ruwa, ka sanar da shugaban aiki da sauran masu zubawa kada ya zagaya ta ɗaya gefen.

Mai tuƙi kada ya sha ko ɗaya. Iyakar Scotland tun Disamba 2014 miligiram 50 ce a ml 100 na jini, ƙasa da 80 ta Ingila, kuma wanda ya sha da yawa da dare yana iya wayar gari bai sauka ƙasa da ita ba. Mai juna biyu, mai shan Flagyl, mai shan tramadol ko kodin ko maganin barci, duk a ba su daga tiren waɗanda ba sa sha. Haɗa wuski da abin sha mai ƙara kuzari kuma yana hana mutum jin yadda ya bugu, ba ya rage buguwar.

Wani ya faɗi ba ya amsawa. Me zan yi?

Kira 999 a Birtaniya, 112 a Najeriya, kada ka tsaya jiran izinin kowa. Kwantar da shi a gefensa, ƙafar sama a lanƙwashe, kai ya ɗan karkata baya domin in ya yi amai kada ya shaƙe. Rufe shi da riga saboda sanyi, ka zauna kusa kana lura da numfashinsa. Kada a ba shi kofi, wato gahawa, kada a watsa masa ruwan sanyi, kada a sa shi yawo, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro. Abokansa za su ce a bar shi ya yi barci. Kada ka yarda, domin barasar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini ko yana kwance. In ma'aikatan asibiti sun zo za su tambayi abin da ya sha da yawansa, kuma a nan ne rubutun da ka yi a jikin jarka da ƙirgen da ka riƙe za su yi amfani.

Ragowar fa?

Haɗin da ke da lemon tsami a zubar da shi a daren ko washegari. Ruwan zuma da citta yana yin mako ɗaya zuwa biyu a firji cikin kwalba mai tsabta. Baileys a rufe shi da kyau a ajiye a wuri mai sanyi, a duba kwanan watan da ke jikinsa. Wuski zalla ba ya ƙara tsufa a kwalba kuma ba ya lalacewa da wuri, a tsayar da shi a tsaye nesa da rana, zai kai daren Burns, bikin tunawa da mawaƙin Scotland Robert Burns, na 25 ga Janairu, lokacin da otel ɗin zai sake kiranka aiki.